Hannun da Aka Sa a Jaka

A layin da ke bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa, akwai wani shagon ɗinki mai shuɗiyar ƙofa, wadda ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Matar da ke ciki kowa Mai Keke yake ce mata, har mijinta ma haka ya kira ta har ya bar duniya. Ta haura hamsin, gajera ce mai faɗin kafaɗa, kullum da tef a wuya da guntun alli a aljihu. Kallo ɗaya take yi wa mace ta san inda riga za ta kama ta. Awon da take yi bayan nan don hankalin mai kaya ya kwanta ne kawai. Ta ɗinka wa mutanen layin kayan makaranta da labule da rigunan aure, da kuma rigunan da ake ƙara wa faɗi idan ciki ya fara turowa. Ba a taɓa dawo mata da ɗinki don ya warware ba.

Ɗinki ɗaya ne ya gagare ta a duniya, kuma a ɗakin uwarta yake.

Uwar tata, wadda gidan ke kira Inna, tana zaune tare da ita a ɗakin baya, mai taga ɗaya da ke kallon igiyar shanya. Inna ba tela ba ce, ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan keke ba. Amma duk jaririn da aka haifa a danginsu, a cikin zanen da ta yi wa baki aka fara naɗe shi. Farin yadi ne mai laushi, sai ta bi gefensa da shuɗin zare, tana jera wasu 'yan tsaga uku-uku masu ƙulli a gindi, kamar tsuntsu ya taka danshi ya wuce. Sahun tsuntsu suke kiransa a gidan. Wurin gwaggonta ta koya, gwaggon kuma wurin kakarta. Dukkansu bahagwai ne. Inna takan ce Allah bai taɓa barin gidansu ba bahaguwa ba, ko da guda ɗaya ce, don kada tsuntsun ya rasa mai kora shi.

Mai Keke ta fito da dama. Tana ƙarama Inna ta zaunar da ita a gabanta, gwiwa da gwiwa, ta ce ta yi duk abin da ta ga hannu yana yi. Yarinyar mai kai ce, ba a daɗe ba ta kama. Sai dai wanda ya zauna a gaban mutum yana kwaikwayonsa, abin da ke cikin madubi yake yi. Tsuntsun Inna yana tafiya nan, nata yana tafiya can. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar a zaren take: yadda hagu ke juya allura a wannan ɗinkin yana ƙara wa zaren murɗi, ƙullin ya zauna daram, dama kuwa warware murɗin take yi. Wanki biyu, sai ƙullin ya buɗe baki, yatsun tsuntsun su zube.

“Naki tsuntsun fita yake yi daga gida,” in ji Inna, tana warwarewa tana dariya. “Ba laifinki ba ne. Je ki yi wasa.”

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari. Amma wata rana Inna ta je makarantar su Mai Keke, ta miƙa wa malama takarda da hannun hagu a gaban aji. Malamar ta ƙi karɓa, ta tsaya tana kallon hannun har sai da Inna ta sauya. Daga ranar yara suka laƙaba wa yarinyar suna, 'yar bahaguwa, suna miƙo mata abu da hagu suna tuntsira dariya. Ba ta faɗa a gida ba. Da ta girma ta ga keken ɗinki a karon farko, abin da ya fara burge ta shi ne ƙafa ke tuƙa shi, babu ruwansa da wane hannu mutum ya fi so.

Ta yi aure, ta buɗe shago, ta haifi maza biyu, sannan mace. Sunan Inna aka sa wa yarinyar, Inna ta riƙa ce mata Takwara, gida duka ya ɗauka. Tun Takwara tana rarrafe aka ga da wane hannu take kai wa abu cafka. Inna ta gani, a ranar aka ji ta tana 'yar waƙa a bakin murhu. Mai Keke ma ta gani, ta tuna dariyar makaranta.

Da farko da baki ta fara. Duk abin da za ta ba yarinyar sai ta janye shi sama ta ce, “Miƙo dama.” Cokali, biskit, fensir, ko ruwan sha. Da baki bai yi ba, sai ta koma ga abin da ta iya. Ta tsinci ƙyalle mai ruwan hoda a kwandon guntaye, ta ɗinka 'yar jaka daidai hannun yarinya, ta sa mata zariya a wuya, har da leshi a baki don kada ta yi kama da horo. Da safe a zura hannun hagu a ciki a ja zariya, sai lokacin wanka a cire. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai. Maƙwabciya ma ta tambaya ko za a yi wa ɗanta irinta.

Sau ɗaya Inna ta yi magana. Ta zo shagon, ta tarar da jikarta a ƙarƙashin teburin yanka tana fama da fensir a hannun da ba ya jin maganarta.

“Ki kwance mata. Hannun nan ba naki ba ne ke kaɗai.”

Mai Keke ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba. Ta ce, “Inna, dariyar da aka yi min a kanki ta isa. Ba za a yi wa 'yata ba.”

Inna ba ta san an taɓa yi wa 'yarta dariya a kanta ba sai ranar. Ta dubi hannunta, ta sa shi a cikin mayafi, ta fita. Ba ta sake tayar da zancen ba. Daga baya in za ta karɓi wani abu a hannun Mai Keke, ko kofi ne, sai ta ajiye abin da ke damarta ta karɓa da ita. Har yau haka take yi.

Jakar ta yi aikinta. Kafin Takwara ta shiga aji biyu ta koma dama. Ta yi in'ina na wani lokaci, ta daina. Babu wanda ya ce jakar ce ta jawo, Mai Keke kuma ba ta tambaya ba. Yarinyar ta tashi da rubutu mai tsabta, ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti, ta yi aure. Allurar ɗinki kuwa ko maɓalli ne ya cire mata, shagon uwarta take aiko da rigar.

Bana Takwara ta samu cikin fari. Inna ta aika aka sayo mata farin yadi da shuɗin zare, ta zauna bakin taga. Amma hannun ya riga ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, sai ta jira ya lafa ta ci gaba. Ta gama gefe biyu, ta shiga na uku, tsuntsun ya kai tsakiya ya tsaya. Wata safiya Mai Keke ta shigo da shayi ta same ta riƙe da allura, bakin allurar yana ta zagaya wuri ɗaya ya kasa shiga. Inna ta soke ta a jikin yadin, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin matashi.

“Ya gaji,” ta ce. Ba ta faɗi ko hannun take nufi ko tsuntsun ba.

A duk dangin babu wata da ta iya. Wannan Mai Keke ta sani, ta kuma san dalili.

Ta yi abin da tela zai yi. Ta yanki wani farin yadi a shago, in rana ta take ciniki ya yi sanyi sai ta tura ƙofa ta gwada. Ta juya yadin ta faro daga ɗaya ƙarshen don tsuntsun ya fuskanci inda na Inna ya fuskanta. A ido ya yi daidai. Ta wanke a bokiti ta matse, ta sake wankewa, ƙullin ya saki kamar yadda ya saba saki tun tana yarinya. Ta ɗauki allura da hagu, ta soke ɗan yatsa har jini ya ɓata yadin. A ƙarshe ta hau keke, ta ɗaura masa ƙarfen yin ado, ta zana sahun tsuntsu tsaf, kowane daidai da ɗan'uwansa kamar an buga da hatimi. Ta goge, ta kai wa Inna.

Inna ba ta ko duba fuskar ɗinkin ba. Ta juya bayansa, ta bi shi da ɗan yatsa.

“Kai, ya yi kyau. Wannan tsuntsun a mota ya zo ko?”

“Inna, ai jariri bai san bambanci ba.”

“Bai sani ba kam. Ki sa a shago, za a saya.” Ta miƙa mata abinta, da dama.

Mai Keke ta kwana biyu tana juya maganar da ta san ita kaɗai ta rage. Mace ce da ba ta jin nauyin kowa a kan aiki. Ta sha gaya wa matan manya cewa yadin da suka kawo ba zai yi musu kyau ba. Amma wannan tafiyar sai da ta sa mayafi ta cire, ta sake sawa.

Ta sami Takwara a asibitinsu, a ɗakin allura, wani ɗan ɗaki mai benci ɗaya da labule kore, yana warin maganin goge rauni. Rigar aikinta, wadda Mai Keke ta ƙara wa faɗi da hannunta, ta sake matsewa. Ta gama da wani tsoho, ta jefa sirinji a kwali, ta juyo.

“Umma? Lafiya? Ko jikin Inna ne?”

“Lafiya lau. Wucewa nake yi.”

“Wucewa zuwa ina? Bayanmu ai makabarta ce.”

Mai Keke ta zauna a bencin marasa lafiya, ta ɗora jaka a cinya. Ta faɗi maganar zanen, da rawar hannun Inna, da tsuntsun da ya tsaya a tsakiyar gefe na uku. Sannan ta ce, tana kallon ƙasa, ko Takwara za ta zo ta riƙe allurar.

“Ni da nake riƙe da allura tun safe? Kawo zanen in yi masa biyu a cinya, ya miƙe.”

“Ba wasa nake yi ba.”

“To ke fa? Duk garin nan wa ya kai ki?”

“Nawa ba ya zama. Sai da hagu.”

Takwara ta daina murmushi. Ta jawo kujera ta zauna a hankali, irin zaman mai ciki.

“Wane hagun, Umma? Ai kin kai shi ajiya.”

Kafin Mai Keke ta buɗe baki, Takwara ta ci gaba.

“Ruwan hoda ce, da farin leshi. Zariyar tana barin min shaida a nan.” Ta zagaya wuyan hannunta da yatsa. “In na yi zufa ciki sai ya riƙa ƙaiƙayi, ba halin sosawa.”

“Na ɗauka kin manta. Ƙarama ce ke.”

“Har yau ba na sa riga mai roba a hannu. Ke kike ɗinka min, ba ki taɓa tambayar dalili ba.”

Gaskiya ne. Shekara da shekaru Mai Keke tana yi mata hannun riga a buɗe, tana ɗauka ra'ayi ne kawai. Ta buɗe baki za ta ce don ke na yi, sai ta ji maganar ta yi mata tsami tun kafin ta fito, ta haɗiye. Abin da ya fito shi ne, “Ban kyauta ba. Ke ban kyauta miki ba, ita ma ban kyauta mata ba.”

Takwara ta daɗe tana kallon uwarta. A waje wani yaro ya fasa kuka tun kafin a kira shi.

“Hannun nan ko maɓalli ba ya iya sawa yanzu,” ta ce. “Kada ki sa wa tsohuwa rai a banza. Umma, tashi, layi ya taru.”

Mai Keke ta fito ba ta san ko an amsa mata ko an ƙi ba. Ba ta gaya wa Inna ta je ba.

Ranar hutun Takwara, da hantsi, Mai Keke tana shanya ta ji sallama. Takwara ta shigo da ledar lemo, ta wuce uwarta da gaisuwa a taƙaice, ta ɗaga labulen ɗakin baya.

“Tsohuwa, an ce kin yi ritaya ba ki sanar da hukuma ba.”

“Wa ya ce? Hutu nake yi. Ke da kike tafiya kamar an ɗora wa kura tulu, ke ce za ki yi min tsiya?”

“Fito da tsuntsun naki mu gani. In ya mutu a hannuna, babu ruwana.”

Inna ta dubi jikarta, ta dubi 'yarta da ke tsaye bakin ƙofa da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa. Ba ta tambayi wanda ya aika a kira wa ba. Ta zura hannu ƙarƙashin matashi.

Mai Keke ta yi sauri ta ɗauko 'yar kujera ta ajiye a gaban Inna, gwiwa da gwiwa, yadda aka zaunar da ita a da.

“Ɗauke,” in ji Inna. “Nan wurin masu dama ne. Takwara, zo nan gefena, kafaɗa da kafaɗa. Haka gwaggo ta zaunar da ni.”

Ta matsa a bakin gadon, ta buga katifa da tafin hannu. Mai Keke ta tsaya da kujera a hannu tana kallon wurin. Tun tasowarta take ganin Inna tana ɗinki a gefe ɗaya na gado ko tabarma, ta bar fili a kusa da ita, ko da ɗakin ya cika da mutane. Ba ta taɓa tambayar kanta na wane ne ba.

Sai aka zo kan zura zare. Inna ta gwada, hannu ya ƙi. Takwara ta lashi bakin zaren ta nufi kafar allurar, ta wuce ta gefe, ta sake, ta sake.

“Jijiyar jariri nake samu da ido a rufe,” ta ce, “amma wannan ramin ya raina ni. Umma, taimaka.”

Mai Keke ta karɓa, ta zura a tashi ɗaya, ta ƙulla. Da ta ɗago, Takwara ta riga ta miƙo hannu. Hagu ne. Kalmomin nan biyu na da, miƙo dama, suka taso wa Mai Keke har bakin harshe, don baki ya riga ya saba. Ta danne su. Ta ɗora allurar a tafin, ta rufe yatsun a kai da nata hannun. A iya saninta, tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa ba ta wani abu a wannan hannun ba.

Tsuntsun farko ya fito da yatsa ɗaya dogo, biyu gajeru. Na biyu ya karkace. Inna ta ɗora hannunta mai rawa a kan na jikarta, hannuwan biyu suna rawa tare.

“Ba ta nan ba, ta ƙasa. Juya. Juya mana, ba allurar asibiti ba ce da za ki soka ki gudu.”

“Tsohuwa, wannan tsuntsun naki gurgu ne.”

“Gurgu ne, amma gida ya nufa. Ja zaren ki ji.”

Takwara ta ja. Ƙullin ya shige ya zauna. Ta sake ja da ƙarfi, bai motsa ba. Ta ɗaga hannunta tana kallonsa kamar baƙon da aka ce mata ɗan'uwanta ne.

Yatsun Mai Keke suna ta ƙaiƙayi. A shagonta ɗinki irin wannan ba ya kwana, take za ta sa reza ta farke. Ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu.

Daga ranar Takwara takan zo duk ranar hutunta. Ba komai aka samu ba. Da suka isa kusurwa, inda tsuntsun ke juyawa, akwai wani ƙulli na daban da Inna ta yi shekara sittin tana yi ba ta taɓa faɗarsa da baki ba. Hannu ne ya san shi, hannun kuma ya daina magana. Ta yi bayani, ta sake, ta rikice, ta yi fushi, ta juya fuska bango. Mai Keke ta ɗauki kusurwar da Inna ta gama da farko ta kai taga, ta bi zaren da ido har ido ya yi ruwa, ta faɗi abin da ta gani. Abin da Takwara ta yi ya riƙe, amma ba shi ba ne, su ukun kuma sun sani. Da a ce shekara ashirin da suka wuce ne, da Inna ta nuna shi cikin ƙiftawar ido, yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗauke. Babu wanda ya faɗi haka a ɗakin. Mai Keke ce ke faɗa wa kanta, a shago, ƙafa tana kan keke.

Zanen yana nan, saura rabin gefe na huɗu, ciki kuma ya sauka, ungozoma ta ce kowane lokaci. Wanda ya duba zai ga inda hannu ya sauya: gefe biyu da rabi tsuntsun yana tafiya a natse, daga nan ya fara ɗingishi, sannan a hankali ɗingishin ya ragu. Mai Keke ta wanke shi da kanta don ta gwada, ta matse da ƙarfin da take matse labule. Ko ƙulli ɗaya bai saki ba.

Ranar hutun da ta wuce, Takwara tana ɗinki ba ta ɗago ba ta ce, “Umma, in wannan ta fito da hagu fa?”

Inna ta kasa kunne, ta yi kamar tana gyara matashi.

“Sai a bar mata abinta,” in ji Mai Keke.

“In kuma namiji ne mai dama, duk wahalar nan ta tashi a banza.”

“Sai ki sake haihuwa,” in ji Inna. “Zare ya ƙare, ba ki gani ba? Ba uwarki ta zura.”

Mai Keke ta matso da kujerarta, ta karɓi allurar.